Zuwa Wurin Aiki da Kilt a Sikotland: Amsar Tela

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfanin injiniya a birnin Abadin na Sikotland, shekarata ta uku ke nan. Yawanci a ofis nake, amma sau biyu ko uku a mako nakan sauka wurin injuna. Watan jiya na karɓi kilt na haya, wato tufar ulu mai tattara da mazan Sikotland ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, don bikin wani abokin aikina, sai na ji daɗinsa fiye da yadda na zata. Yanzu ina so a ɗinka mini nawa in riƙa zuwa aiki da shi. Doka ta yarda? 'Yan ƙasar ba za su ce na yi musu shisshigi ba? Kuma a matsayina na Musulmi babu matsala?

Wa alaikumus salam, ƙanena. A Fagge na koyi ɗinki, amma shekara 14 ke nan ina zaune da allura a wani shagon kilt a Edinbara, ina auna ƙugun mutane, ina kuma sauraron abin da ya same su bayan sun fita da kayan. Tambayoyi uku ka yi, kuma duk ukun amsarsu ba ta da wuya sosai. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ka faɗa a wuce, cewa kana sauka wurin injuna. A nan maganar take, don haka daga nan zan fara.

Mutane da yawa sun ɗauka kilt kayan biki ne tun fil azal. Ba haka ba ne. Asalinsa, a tsaunukan arewacin Sikotland tun ƙarshen ƙarni na 16, dogon mayafin ulu ne guda wanda mutum zai tattara, ya ɗaure a ƙugu da ɗamara, rabin ƙasa ya sauka zuwa gwiwa, rabin sama ya yafa a kafaɗa ko ya lulluɓe kansa idan ruwa ya sauko. Da shi ake kiwo, da shi ake tafiya, da dare kuma shi ne bargo. Gajeren da ka sa a biki ya fito ne daga baya. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Rawlinson, wanda yake da wurin narka ƙarfe a yankin Glengarry a shekarun 1720. Aka ce ya lura rabin mayafin na sama yana hana ma'aikatansa sakewa wajen saran itace da aikin wuta, sai ya sa aka yanke shi aka bar na ƙasa. Masana tarihi suna jayayya a kan wannan labari, wasu na cewa an riga an san gajeren tun kafin zuwansa, kuma ka san ba kowane ɗan Sikotland zai ji daɗin a ce ɗan Ingila ne ya ƙirƙiro masa tufar gado ba. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne, ko da labarin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, aiki ne ya yi wa kilt siffa. Idan ya hana aiki, rage shi ake yi. Kamar walkin maƙeri ne, ba don ado aka fara ɗaura shi ba.

Sojoji ma haka suka yi. Rundunonin tsaunuka sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da kilt, har da ɗan ƙyallen kaki da suke ɗaurawa a kai don kada launinsa ya tona su. A cikin ramukan yaƙi sai tattarar ta sha ruwa da laka ta yi nauyi, in sanyi ya daskarar da ita ta riƙa yankan bayan gwiwa, ƙwarƙwata ta samu gida a cikin ninkin, iskar guba kuma ta ƙona fatar da ke buɗe. Zuwa 1940, wajen janyewar sojojin Birtaniya daga Dunkirk ta Faransa, aka yi sallama da shi a fagen daga. Har gobe sojan Sikotland yana fareti da kilt, amma da wando yake aiki. To idan waɗanda suka fi kowa alfahari da shi sun san ranar ajiye shi, kai ma ka sani.

Ranar da za ka sauka wurin injuna, wando za ka sa. Ba na sassauta wannan. Kilt na gaske yadi 8 ne na ulu, kusan kilo 2, gefen gabansa a sake yake, ga sarƙar zabirar da ake ratayawa a gaba tana lilo. Duk abin da ke juyawa, ko bel ko ƙarfe, zai iya cafke shi, kuma yadin da aka saƙa don ya yi shekara 30 ba zai yage ya sake ka ba, janyo ka zai yi. Ga tartsatsin walda, ga mai, ga hawa tsani mutane na ƙasa. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ba a kan mai kamfani kaɗai ta ɗora nauyi ba, ta wajabta wa ma'aikaci shi ma ya kula da kansa, ya kuma ba da haɗin kai ga matakan kariya. Ƙa'idojin kayan kariya na 1992 kuma sun ce abin da aka ba ka na kariya sai ka sa shi yadda aka umarta. Idan an ce rigar aiki mai haɗe da wando da takalmin ƙarfe, babu wata maganar al'ada da za ta ɗage wannan, ko ɗan asalin tsaunukan ne. Akwai wani nau'i na yadin kanbas mai manyan aljihuna, wanda kamfanin Utilikilts na Siyatil a Amurka ya yayata tun 2000, kuma kafintoci da masu aikin lambu suna sa shi. Yana da amfaninsa, amma shi ma ƙafa a buɗe take, kuma jami'in kariya ba zai kalle shi dabam ba.

Sauran ranakun ofis fa? Babu dokar da ta hana, babu kuma wadda ta ba ka haƙƙi kai tsaye. Abin da ke mulki shi ne takardar kwantiraginka da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Je ka karanta sashen tufafi. Yawancinsu ba su ambaci kilt ba ko kaɗan, cewa kawai suke yi a yi shiga ta kamala, kuma kilt da farar riga da kwat ya fi ƙarfin wannan sharaɗin.

Amma a ce manaja ya ce a'a. Mutane sukan ruga su ambaci dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko asali, kuma asalin ƙasa yana ciki, kotu ta amince cewa ɗan Sikotland da ɗan Ingila asali biyu ne. To ɗan Sikotland zai iya cewa hana kilt ya fi shafar mutanensa. Sai dai hujjar tana da rauni, domin yawancin mazan ƙasar ba da shi suke zuwa aiki ba, kuma kamfani yana da damar kare ƙa'idarsa idan ya nuna dalili mai ma'ana wanda bai wuce gona da iri ba. Kai kuwa Bahaushe, wannan ƙofar ba taka ba ce. Abin dariyar ma shi ne, da kaftani da hula ka ce za ka je, da ka fi samun madafa a dokar fiye da kilt. Saura hujjar cewa ai mata suna sa siket. Ita ma kotunan Birtaniya sun daɗe da cewa ba dole ƙa'idar maza da ta mata su zama iri ɗaya ba, muddin tsananin ya yi daidai. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan kantin Safeway a kan wani ma'aikaci mai suna Smith da aka kora saboda dogon gashi, alhali mata na barin nasu. Na san direbobin jirgin ƙasa a Sitokholm sun sa siket a 2013 da aka hana su gajeren wando lokacin zafi, direbobin bas na Nantes a Faransa ma sun yi haka a 2017, amma waɗannan bore suka yi, kai kuwa ba faɗa kake nema ba.

Saboda haka ka bi ta lalama. Ka samu manajanka a tsaye, ba ta wasiƙa mai kama da ƙara ba, ka ce kana so ka riƙa sa kilt a ranakun da ba ka da aikin ƙasa, kuma akwai wando da takalmin kariya a lokarka ko da an kira ka ba shiri. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce take buɗe ƙofa. Ka fara da ranar da kowa zai gane dalili: 30 ga Nuwamba ranar waliyyin ƙasar ce, Andrew, 25 ga Janairu kuma daren tunawa da mawaƙinsu Robert Burns. Daga nan ka koma Juma'a-Juma'a. A shagonmu ban taɓa jin wanda ya bi wannan hanya a ofis aka hana shi ba. Waɗanda suka dawo da ƙorafi su ne waɗanda suka faɗo ranar Litinin da cikakken kayan ango, ana tsakiyar ganawa da baƙi.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren da sabon shiga ya fi yi. Abin da aka ba ka haya don biki, wato baƙar kwat gajera mai maɓallan azurfa, da zabirar gashi, da takalmi mai doguwar igiya da ake naɗewa a ƙwauri, wannan shigar dare ce. Zuwa ofis da ita kamar ka je kasuwar Kwari sayen zare ne da alkyabba da rawani. Shigar rana ita ce kilt, da riga mara ado, da suwaita ko kwat ɗin tuwid, wato saƙar ulu mai kauri, da zabirar fata zalla, da safa mai duhu da aka naɗe ƙasa da gwiwa, da takalmin da ka saba zuwa aiki da shi. Farar safar nan ta 'yan haya ka bar ta. Ita zabirar, wadda suke kira siforan, ba ado ba ce kawai: kilt ba shi da aljihu, nan ne wurin waya da makulli, kuma nauyinta ne ke danne gaban idan ka zauna.

'Yar wuƙar da ake sokewa a safa, sikiyan-du, ka bar ta a gida. Gaskiya ne dokar manyan laifuka ta Sikotland ta 1995, sashe na 49, ta ba da uzuri ga mai ɗauke da wuƙa a matsayin wani ɓangare na tufar gargajiya, kamar yadda ta ba da don addini ko sana'a. Amma uzuri ne da kai za ka kawo bayan an tsayar da kai, kuma bai hana kamfani ya ce ba a shigo masa da makami ba. Mu faɗa wa juna gaskiya, baƙar fata da wuƙa a safa a cikin bas ɗin safe, ba duk mai kallo ne zai tsaya tunanin sashe na 49 ba. Akwai ta roba mara kaifi idan kana son kan ya leƙo, amma a ofis babu wanda zai lura babu ita.

Batun shisshigi kuwa, ka kwantar da hankalinka. Wannan tufa ta sha wuya kafin ta zama abin alfahari. Bayan yaƙin Culloden na 1746, inda aka murƙushe tawayen da yawancin mayaƙansa 'yan tsaunuka ne, gwamnatin Landan ta haramta ta ga mazan tsaunuka in ba soja ba: wata 6 a kurkuku karon farko, karo na biyu a kai mutum ƙetaren teku shekara 7. Sai 1782 aka soke dokar. Zuwa 1822, da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, shi kansa ya fito da kilt, daga nan ya zama tufar ƙasa baki ɗaya, har da mutanen kudu waɗanda kakanninsu ke raina shi. Yawancin rabon nan na cewa kowane dangi da zanensa, wato tsarin launuka da layukan yadin, a wannan zamanin ya kafu, kuma masaƙa da 'yan kasuwa suna da hannu a ciki sosai. Ma'ana, babu dokar da ta ce sai mai jinin dangi zai sa zanensu. Akwai 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar na Balmoral wanda na gidan sarauta ne, da na wasu kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma tela na kirki ba zai ma sayar maka da su ba. Sauran, irin su Black Watch mai kore da shuɗi da baƙi, na kowa ne, kuma duhunsa ya dace da ofis. Tun 2009 akwai rajistar zane ta gwamnati da kowa zai iya dubawa a intanet. A 2012 aka fito da zanen Musulmin Sikotland: shuɗi na tutar ƙasar, kore na Musulunci, fararen layi 5 na shika-shikan Musulunci, layin zinare 6 na rukunan imani, da baƙin murabba'i na Ka'aba. Humza Yousaf, wanda ya zama babban ministan Sikotland a 2023, da kilt ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016, a harshen Urdu. Kai, yawancin masu arha da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a titin Royal Mile na Edinbara ma a Siyalkot ta Pakistan ake ɗinka su.

Abin da za ka shirya masa ba fushi ba ne, yawan magana ne. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura, to wutsiyar ofisoshin Abadin wando ce. Waɗanda ke sa kilt kullum su ne masu busa a titi, da masu yi wa baƙi jagora, da masu tsaron ƙofar manyan otal, da mu 'yan shago. Saboda haka makon farko kowa zai tambaye ka bikin wa za ka, ko wasan ƙwallon ƙasa ake yi. Za a tambaye ka sunan zanen, don haka ka san shi. Ba za a rasa dattijon da zai tsayar da kai ya gyara maka safa ba, ka yi masa godiya. Bayan wata guda an manta.

Akwai tambaya ɗaya mara kunya da ba ta ƙarewa, wai me ke ƙasa. Al'adar zama babu komai ta barikin soja ce, ba ta da gurbi a wurin aiki, balle ga Musulmi. Ka sa gajeren wando mai duhu wanda ya kama jiki. Idan wani ko wata ya kai hannu zai ɗaga, wannan ba wasa ba ne, cin zarafi ne, ka kai rahoto. A 2015 ma'aikata maza na wata mashaya a birnin Inbanes na arewacin Sikotland sun daina sa kilt gaba ɗaya saboda mata masu maye suna ɗaga musu. Ɗaukar hoton ƙarƙashin tufar mutum kuwa laifi ne a Sikotland tun 2010, a Ingila tun 2019, kuma dokar ta haɗa da mai kilt.

Ta fuskar addini, fatawa ta malamai ce, amma awo nawa ne, bari in ba ka shi ka kai musu. Kilt tufar maza ce a inda aka san ta, kamar gyauton da mazan Yaman da Somaliya ke ɗaurawa, ko zanen harami. Na mata dabam ake ɗinka shi, ya fi sauƙi, kuma galibi ta ɗaya gefen yake rufewa. Al'aurar namiji kamar yadda muka karanta a littattafan Malikiyya tsakanin cibiya ne da gwiwa. Kilt yana zama a saman cibiya, ba a inda wando ke zama ba, ya sauka zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. A tsaye ke nan ya rufe. Matsalar tana zuwa ne a zaune, da ruku'u, da sujada, inda bayan yake ɗagewa cinya ta bayyana. Abokan cinikina Musulmi nakan ƙara musu inci 1 a tsawo, fiye da haka siffar takan lalace ya koma kamar buje. Sannan nakan ce wandon ciki ya kai gwiwa, kuma su ajiye jallabiya mara nauyi a ofis su zura lokacin salla. Wannan ya fi sauƙi a kan jan ƙyalle a tsakiyar sahu. Wajen alwala ma ka juya zabirar gefe, ka tattare gaban, don jiƙaƙƙen ulu yana daɗewa bai bushe ba. Abu biyu kuma da ba kowa ke lura da su ba: ka tambayi irin fatar zabirar da maɗauranta, domin akan yi wasu da fatar alade, sannan ka duba fil ɗin da ake maƙalawa a gaba, da yawansu siffar gicciye gare su. Akwai marasa komai. Shi fil ɗin a ƙyallen sama kaɗai ake soka shi, nauyi ne don iska, idan ka haɗe biyun zai yaga yadin.

Zama da shi sai an koya. Kafin ka zauna ka shafo tattarar daga baya da hannu biyu, ta kwanta a ƙarƙashinka, sannan ka tura gaban tsakanin gwiwoyi. Wanda bai yi haka ba zai tashi bayansa kamar an tauna. Kujerar ofis mai taya tana cin gefen da ya zubo, kujerar raga kuma tana goge ulun. A mota ka mayar da zabirar kan ƙugu kafin ka ɗaura bel. Keke kam ka manta. Sanyi bai kai yadda kake tsoro ba, domin ninkin da ke kan ƙugu da ciki ya fi wando ɗumi, gwiwa ce kawai ke shan iska. Zafin hita a cikin ofis shi ne zai fi damunka. Iskar tekun Abadin kuwa, a nan ne za ka gane amfanin nauyi.

Shi ya sa idan za ka saya ɗaya tak, nake ba da shawarar ulu mai nauyin auns 13, yadi 8, ɗinkin hannu. Mai auns 16 ya fi kyawun lilo da riƙe guga, amma awa 8 a ɗaki mai hita zai gallabe ka. Na hannu zai ci maka fam ɗaruruwa, ka kuma jira makonni, sai dai zai iya kai wa ɗanka. Idan ba ka tabbata za ka ɗore ba, fara da na yadin roba mai yadi 5, wanda ake wankewa a inji, ka gwada wata uku. Ka guji na fam ashirin ɗin nan na titi, ba shi da nauyi, tattararsa ba ta da zurfi, ɗan ƙasa yana hango shi daga nesa. Ka je a auna ka da kanka, kada ka aika lambar wandonka, domin awon a cibiya ake yi, da mazaunai, da tsawo. Kuma kada ka je awo a ƙarshen azumi: maɗauran ba su da sassaucin da ya wuce inci 1 ko 2, na sha ganin wanda ya dawo bayan babbar salla abin ya ƙi rufuwa.

Na ulu ba a yawan wanke shi. Ka rataye shi da maratayi mai matsewa ya sha iska bayan kowace sawa, kada ka sa shi kwana biyu a jere, ka goge tabo da ɗanyen ƙyalle tun yana sabo, ka kiyaye shi daga asu. In guga ta kama, ka jera tattarar ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora damshin ƙyalle, ka danna, kada ka ja.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba ya cikin littafin ma'aikata. Kafin hoton ya kai gida, ka kira Hajiya ka yi mata bayani da bakinka. Ni ban yi haka ba. Wani ɗan'uwa ne ya nuna wa tawa hotona a waya, ta kira ni tana salati, wai me ya same ni a ƙasar Turawa har na koma ɗaura buje. Sai da na tura mata hoton sojojinsu a fareti, jibga-jibgan maza da gashin baki, kafin ta sauko. Har yau in za mu yi sallama a waya takan tambaya ko da wando na fita.